Ranar da na yi wa Baba tela tafinta

Shekarun baya, ina gama jami'a ina zaman jiran aiki, aka fara maganar za a yi wa Lome jirgin ƙasa na cikin gari, wanda ake ce wa metro. Wani kamfani ya zo auna unguwanni, suna neman mai jin Faransanci da Hausa da Mina. Abokina ya kai sunana, aka ɗauke ni tafinta na wata biyu. Aka ba ni riga mai ƙyalli da hular roba. Har masallaci nake zuwa da hular a hannu don kowa ya gani.

Aikina bai wuce in bi injiniya gida-gida, ya yi tambaya in fassara. Taswirar ma daga nesa nake hango ta a kan bonet ɗin mota.

Wata Laraba muka isa layinmu na Zongo, gidan aminin mahaifina, tsohon tela da muke kira Baba. Shi ya ɗinka mini kayan makaranta tun ina firamare. Da injiniya ya yi gaba, sai ya riƙe hannuna.

"Ɗana, kai ne a cikinsu. Gaya mini gaskiya, ta nan jirgin zai bi?"

Ban sani ba. Amma kunya ta hana ni cewa ban sani ba, ga maƙwabta sun kewaye mu suna jiran bakina. Na ce, "Ta nan ne, Baba. Na ga taswirar."

Ya saki hannuna. Can ya ce, "Ina saurayi aka tashe mu daga tsohon Zongo. Na ga yadda aka ɗora keken ɗinkin ubana a mota kamar shara. Ba zan tsaya a sake yi mini haka da furfura ba."

Kafin azumi ya sayar da gidan a wulaƙance. Mahaifiyata ta je har sau biyu tana roƙonsa ya dakata, ya ce yaron da ke aiki da su ne ya faɗa masa. Ta dawo ta tsare ni a tsakar gida: "Ka tabbata?" Na sunkuyar da kai na ce eh. Baba ya kwashe iyalinsa zuwa ƙauyensu a Nijar, inda ya baro tun yana goye.

Aikinmu ya ƙare, kamfanin ya tattara ya tafi, maganar metro ta mutu. Ba a taɓa ko bulo ɗaya a layinmu ba. Baba bai cika shekara biyu a can ba ya rasu.

Bayan arba'in 'yarsa da ke aure a unguwar Adakpame ta zo gaishe da mahaifiyata. Da ta gan ni ta ce, "Yaya, Baba bai daina sa maka albarka ba. Ya ce duk cikin masu aikin nan kai kaɗai ka dubi Allah ka faɗa masa gaskiya."

Na ce amin.

Yanzu a wurin aiki ana yi mini dariya wai "ban sani ba" ta fi komai sauƙi a bakina. Ina barinsu su yi. Daga baya na faɗa wa mahaifiyata komai, ta yi kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. 'Yar Baba kuwa har yau ban iya faɗa mata ba.