Ta Hudar Zana

A gidanmu na Dar Salam, can bayan Omdurman, ba mu san wutar lantarki ba sai da na fara gemu. In an idar da isha'i haskenmu biyu ne: garwashin kanun, wato murhun gawayin da Habboba Hauwa take dafa shayi a kai, da wata tsohuwar fitilar ƙwai mai tsagaggen gilashi. Habboba kakarmu ce ta wajen uwa. Kakanninta sun taso daga ƙasar Kano a ƙafa za su Makka, guzuri ya ƙare musu a bakin Nilu, suka zauna. Ita ba ta taɓa ganin Kano ba, amma in ka kuskura ka yi mata Larabci lokacin tatsuniya sai ta ce ka je ka kurkure bakinka ka dawo.

Ni da ƙanena Ishaƙa mu ne 'yan gaban goshinta. Ni take kira mijinta, kullum tana kukan ta yi asarar aure, miji sai kai kamar tulu, ko ƙwayar dabino bai taɓa kawo mata ba. Yaran maƙwabta sukan cika tabarmar, amma babu mai taɓa fitilar nan sai ita. In labari ya zo wurin tsoro sai ta ja lagwani ƙasa, ta ajiye fitilar kusa da ƙafarta, inuwarta ta hau bango har ta kai rufi. Tsohuwar da ba ta fi tsawon tabarya ba sai ta koma abin gudu.

Akwai wata tatsuniya da take yi mana jefi-jefi. Wai wasu alhazai ne suka yada zango a wani ƙauye a hanyar gabas. Wata mata ta leƙa ta hudar zana, sai ta hango baƙo ɗaya daga cikinsu ya danne ɗan maƙwabciyarta a ƙasa, wuƙa a hannunsa, jini a bakinsa, yaro yana shure-shure. Ta kurma ihu, gari ya fito da sanduna.

A nan Habboba take tsayawa. Ta sa kowannenmu ya dunƙule hannu ya bar 'yar kafa, ya leƙa ta ciki.

"Me kuka gani?"

"Wuta!" muka ce, don garwashi kaɗai ke shiga kafar.

"To, me za a yi wa baƙon nan?"

Ranar farko da muka ji labarin, duk muka ɗauka baki ɗaya: "A kashe shi!" Ishaƙa har da miƙewa tsaye.

"An kashe shi," in ji ta, ba ko gezau. Sannan ta ɗaga lagwani, haske ya cika tsakar gida. "Da aka yaye zanar sai ga gawar kububuwa a gefe, baƙon ya fasa mata kai. Saran da ta yi wa yaron yake tsagawa yana tsotse dafin. Ba wanda ya iya ƙarasa aikin, yaron ma bai kai la'asar ba. Ku buɗe hannuwanku, 'yan nema. Ga buta, ga kyanwa, ga uwarku zaune, duk ba ku gan su ba."

Na ji haushinta a daren nan ƙwarai. Ita ta nuna mana wuƙa, ita ta ɓoye maciji, sannan ta juyo tana kallonmu kamar mu muka riƙe sandunan.

Da na girma sai abincina ya faɗo a harkar hoto. Na fara da ɗauka da tace bidiyon biki a wani ɗan shago a unguwar Alsahafa cikin Khartoum, daga baya na koma koya wa matasa yadda ake karanta fim: ina mai kyamara ya tsaya, daga ina haske yake zuwa, a ina aka yanke, me aka bari a waje. Nakan ce musu in an ɗauki mutum daga ƙasa sai ya yi kwarjini, in daga sama ne sai ya ƙanƙance. Suna ɗauka a littafi na samo, ni kuwa inuwar Habboba a bango nake tunawa. Ta rasu kafin yaƙi, na kuwa gode wa Allah da bai nuna mata ba.

Ishaƙa bai yi nisa a karatu ba, yana tsaron shagon wani Alhaji Adamu mai sayar da firij a Kasuwar Libiya, wata babbar kasuwa a Omdurman. Da yaƙi ya ci Khartoum aka wawashe kasuwar, Alhajin ya tsallaka ƙetare, wayarsa ta daina shiga. Bayan ƙura ta ɗan lafa sai wani gajeren bidiyo ya fara yawo a wayoyin unguwa. Ga ƙanena ya fito daga shago da firij a gadon bayansa, sai kuma ga rumfuna suna ci da wuta, an ɗora murya tana cewa ga ɓarayin da suka haɗa kai da masu bindiga. A lokacin nan irin wannan magana takan ci ran mutum.

Na zauna na kalli abin nan kamar yadda nake koyarwa. Daga saman bene aka ɗauka, an jawo hoton daga nesa, kowa ya koma kamar tururuwa, mai kaya da ɓarawo duk kama ɗaya. Inuwar Ishaƙa tana ƙarƙashin ƙafarsa, rana tsaka ke nan, amma a hoton gobarar inuwoyi sun miƙe dogaye. Lokuta biyu ne aka manna. Kwaɗon shagon yana rataye a buɗe, ba a fasa shi ba. Can gefen hagu kuma, daidai inda hoton ya ƙare, ga hannun farar jallabiya riƙe da makullai yana nuna wa Ishaƙa keken jaki. Alhaji Adamu ne yake kwashe kayansa da kansa, mai ɗaukar hoton ya bar shi a waje.

Na kai wa dattawan unguwa a ƙofar masallaci, ina tsayar da hoton ina nunawa. Wani wanda aka ƙona masa rumfa ya ture wayar.

"Ya ustaz, gani ya kori ji. Firij muka gani a bayansa. Kai kuma ka zo mana da inuwa?"

"Baba, ku dubi hannun nan, don Allah."

"Hannun wa? Ina fuskarsa? Kalas, magana ta ƙare, ɗan'uwanka ne, dole ka ga hannu."

Ban iya zaginsa ba, shi ma gumin shekarunsa ne ya zama toka. Na roƙi Ishaƙa ya bar gari, ya ce in ya gudu ya amsa laifi ke nan, kuma wa zai ɗebo wa Yumma, mahaifiyarmu, ruwa? Wata safiya wasu mutane suka zo da mota suka tafi da shi, wai tambayoyi kaɗan ne. Har yau ba mu san inda yake ba.

Da ina yaro na ɗauka tatsuniyar nan gargaɗi ce ga mai leƙe. Yanzu na gane kan masu sandunan take, da mu da muka yi ihu a tabarma. Abin da Habboba ba ta faɗa mana ba shi ne, mutanen da suka riga suka yi ihu ba sa son a yaye zanar, ko ka yaye ba za su duba ba. Ilimin da nake taƙama da shi ya nuna min gaskiya tsaf, bai kuwa tsare min ƙanena ba. Wannan baƙin cikin da shi nake kwana.

Na so in goge bidiyon, Yumma ta hana. Ishaƙa ba mai son hoto ba ne, duk bukukuwan da na ɗauka yakan kauce wa kyamara, don haka ba mu da wani wuri da yake motsi sai nan. Kullum bayan magariba takan zauna a bakin gado ta ce in kunna mata, in kashe muryar. Akwai inda yake ɗago kai ya gyara zaman firij ɗin, fuskarsa ta fito kaɗan.

"Tsayar min da shi nan," take cewa. Ta matso da wayar kusa da idonta, ta daɗe tana kallo. "Ka ga ya rame. Bai karya ba ya fita ranar nan."