Filin Shanyar Indo

Duk wanda ya san Indo mai turara a ƙauyenmu, nan gefen kanal tsakanin Kura da Bunkure, ya san ba ta iya zama wuri ɗaya. Ko abinci a tsaye take ci. Shekararta talatin da ɗoriya tana sayen shinkafa shanshera wajen manoman rani, ta jiƙa, ta turara, ta shanya a filin bayan gari kafin a kai inji. Da wannan sana'a ta riƙe 'ya'ya biyar bayan rasuwar maigidanta. Filin na mata ne tun kaka da kakanni. Babu takarda, amma kowacce ta san inda tamfol ɗinta yake tsayawa. In babu filin babu turara, don jiƙaƙƙiyar shinkafa ba ta kwana biyu a buhu ba ta yi tsami ba.

Bara aka fara sanarwa a rediyo cewa gwamnati ta sauƙaƙa wa manyan masu zuba jari. Abin da a da ake shekara ana bi ofis-ofis, yanzu sati uku ya isa. Indo ta ce Allah ya ba su sa'a, ta ci gaba da juya shinkafarta. Mu ma haka muka ce.

Ana nan sai wata mai shanya, Laraba, ta rasu. Kirista ce, gidansu na bakin filin, kuma tamfol ɗinta ke maƙwabtaka da na Indo tun suna amare. A al'adarmu, in mai shanya ta mutu sai a naɗe komai, a share filin, a bar shi ya huta kwana uku. Wasu matan suka fara ƙunƙuni, wai ai ba Musulma ba ce, ga rana mai kyau tana wucewa a banza. Indo ta ɗaure zani ta hau su da faɗa.

"Wallahi duk wadda ta baza ko ƙwaya ɗaya, ni da ita ne!"

Suka naɗe. A rana ta biyu, muna zaman makoki a gindin darbejiyar ƙofar gidan, wani ɗan jirgi mara matuƙi ya wuce ta samanmu yana ƙugi. Har dariya wasu suka yi.

Bayan kwana goma sai ga fegi masu jan fenti kewaye da filin. An ba wani kamfani zai kafa babban injin casa. Daga ranar Indo ba ta ƙara samun sukuni ba. Ta je wajen mai unguwa, ya tura ta wajen dagaci, dagaci ya ce shi ma a bakin mutane ya ji. Ta rame, ta koma yi wa kowa tsawa, har ni da na raka ta Kano. Tausayinta ne ya hana ni ramawa.

A ofishin filaye, wani ma'aikaci mai suna Mustapha ya saurare ta da ladabi.

"Baba, a sabon tsari sau ɗaya ake dubawa. Filin da aka tarar ba kowa, shi ake bayarwa. Kwana bakwai na ƙorafi kuma sun wuce."

"Ba kowa? Ɗan nan, mu arba'in ne!"

Ya juyo mata da kwamfuta, hoton da jirgin ya ɗauka ne. Ga filin nan fes, an share shi tas, wani jan layi ya kewaye shi. Indo ta matsa, ta ƙura ido, ta ɗora yatsa a kan wasu ɗige-ɗige a gindin bishiya.

"To ai ga mu nan. Wannan ni ce."

Mustapha ya duba.

"Na gani, Baba. Amma kuna wajen layi."