Taragon da Ya Taka Baba Idi

Jama'a, wallahi tallahi abin nan da zan gaya muku ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba. Lokacin ina Jidda ne, 'yan shekaru bayan Najeriya ta samu 'yancin kai, ina aiki da wani kamfani da ke faɗaɗa tashar jiragen ruwa. Sun shimfiɗa wani ɗan siririn layin dogo da ake kwaso duwatsu a kansa zuwa bakin teku, mu kuma aikinmu gyaran taragun ne, mu sa giris, mu ɗaure kusoshi, mu duba birki.

Mu biyu ne a kan birki, ni da Usmanu, Bahaushen Sudan. Ɗaki ɗaya muke kwana a unguwar Mahjar, kwano ɗaya muke ci, ni na roƙi kafilina, Balaraben da ya tsaya mini, ya yi masa iƙama, wato takardar izinin zama, da ya yi zazzaɓi kuwa ni na yi jinyarsa har ya tashi. Ɗan'uwa nake ce masa.

Wata safiya na ga ƙarfen birkin wani tarago ya cinye, na ce wa Usmanu ya canja kafin a yi lodi, ni zan je ɗauko kaya a sito. Da na dawo na tambaye shi, ya ce halas, ya gama. Ban duba ba, don me zan duba aikin ɗan'uwana? Aka loda duwatsu, aka kwance taragon a gangara, ya zame ya taho ba mai tsayar da shi, ya taka Baba Idi, wani dattijo mai sa giris da ke durƙushe a kan layi. Ko shurawa bai yi ba, Allah ya jiƙansa.

Da mudir, wato manajanmu, ya tara mu, ina tsaye Usmanu ya rantse cewa ni na karɓi gyaran taragon, shi ko taɓa shi bai yi ba. Ina kallonsa, yana kallon ƙasa. Aka karɓe iƙamata, aka ce in riƙa sharar fili har jirgin da zai maida ni gida ya zo.

Taragon nan aka tura shi can ƙarshen layi, ƙasan gangara, aka ɗaure birkinsa, aka tokare ƙafafunsa da katako. To, kwana uku da rasuwar, ana gab da azahar, rana tsaka, ko iska babu, ma'aikata duk sun fake a inuwa, sai muka ji ƙiiii. Na ɗaga kai, wallahi taragon ne yake tahowa, shi kaɗai, ba kan jirgi mai jansa, ba mai turi, kuma hawa yake yi, ba gangara ba. A hankali yake tafiya kamar tafiyar tsoho, ya wuce mutum kusan goma, sai da ya zo daidai inda Usmanu yake zaune a gefen layi yana cin gurasa ya tsaya cak.

Wani ɗan ƙasar Yaman ya fara salati, kowa ya watse. Ni da tsintsiyata na kasa motsi, shi ya sa na ji abin da Usmanu ya faɗa:

"Baba, ka yafe mini, mantawa na yi."

Na matsa na ce, "Ɗan'uwa, tashi mu je ka faɗa wa mudir haka."

Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Me na ce? Ban ce komai ba."

Na leƙa ƙarƙashin taragon, birki na nan a ɗaure tam, ƙafafun kuwa jiƙe suke da sabon giris har yana ɗiga, alhali tun ranar da ya taka Baba Idi ba wanda ya yarda ya kusance shi. Washegari haka ya sake yi, jibi ma haka, duk inda Usmanu ya zauna nan zai je ya tsaya. A rana ta huɗu Usmanu ya kwashe kayansa daga ɗakinmu ko sallama babu, aka ce ya haye teku ya koma ƙasarsu, Bor Sudan. Tun daga ranar taragon bai ƙara motsi ba. Ni kuwa aka sa ni a jirgi da sunan wanda ya kashe mutum.

Har yau ban san me ya tura taragon nan ba, kuma in na ji ƙarar ƙarfe a kan ƙarfe sai tsigar jikina ta tashi. Ku dai, duk aikin da ran mutum ya rataya a kansa, ku duba da idonku, ko da uwarku ɗaya da wanda ya ce muku ya gama.