Warin Kananzir a Garejin Fundi Mgaya

Duk direban tirelar da ke bin hanyar Dar es Salaam zuwa Tunduma ya san Fundi Mgaya, makanikin Makambako, kuma ya san ba ya yarda da kowa. In ka ce masa tayar hagu ce ke kuka, sai ya fara taɓa ta dama. In ka ce jiya aka sa giris, sai ya zura yatsa ya shinshina. Ya taɓa gaya mini cewa tun yana saurayi ya ga tayar wata tirela ta fice a gangaren Kitonga ta bi mutane cikin gona, kuma da aka buɗe, tsohon boris ne, zoben ƙwayoyin ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, aka wanke da kananzir aka sayar a matsayin sabo. Tun daga nan, duk boris ɗin da ya cire sai ya buga masa ɗigo biyu da ƙusa a gefe kafin ya jefa cikin duron da masu sayen tsohon ƙarfe ke kwashewa.

Mutum ɗaya ne ya tsira daga wannan hali: Mzee Sanga, dattijo mai shagon kayan mota da ke jikin garejin. Sun tsufa tare. Kullum da rana matar Sanga kan aiko da ugali, tuwon masararsu, da wake a kwano ɗaya, su zauna a kan tsohuwar taya su ci, suna zagin juna. Kayan da ya fito daga shagon Sanga kaɗai Mgaya ke ɗaurawa ba tare da ya juya shi ba.

Ranar da nake ba da labari, na taso da lodin taki, na tsaya shan shayi, na taɓa cibiyar tayar baya na ji ta ɗau zafi. Na lallaɓa zuwa garejin. Mgaya ya sa jak, ya sauke tayoyin, ya kwance babban noti, ya zaro cibiyar. Boris ɗin ya yi baƙi, ƙwayoyinsa sun cinye. Ya aike ni wurin Sanga, na dawo da sabo cikin kwalinsa.

Ya riga ya ɗebo giris a tafin hannu sai ya tsaya. Ya kai sabon boris ɗin hanci. Ya miƙo mini ya ce in shinshina. Na ce ina jin kamar kananzir, amma ai garejin gaba ɗaya warin kananzir yake.

Ya fita rana yana juya shi a hankali. A gefe akwai wani wuri ɗan ƙarami da ya fi sauran sheƙi, kamar an goge shi da dutse. Daidai inda yake buga ɗigonsa.

Sanga ya fito da kwanon abinci, ya gan mu a tsaye.

"Kai tsoho, yau kuma ƙarfe kake nema da aure? Ɗaura wa yaro kayansa ya tafi."

"A ina ka samo wannan?"

Sanga ya yi dariya, ya ce inda ya saba samowa mana, katan guda aka kawo masa daga Dar. Mgaya ya tambayi wa ya kawo. Ya tambayi me ya sa bakin kwalin ya yi laushi. Sannan ya tambaya, da murya ƙasa ƙasa, ko gaskiya ne mai kwashe duronsa ɗan ƙanwar Sanga ne.

Dariyar ta ɗauke. Sanga ya ajiye kwanon a kan tayar.

"Mgaya, ni kake tambaya haka?"

"Boris nake tambaya."

Sanga ya koma ya kinkimo katan ɗin gaba ɗaya ya zube a gabansa. Suka duba ɗaya bayan ɗaya. Duk sauran lafiya lau, da man kamfani a jikinsu. Wannan ɗaya ne kawai. Sanga ya ce wataƙila tun daga can aka cusa shi, wataƙila kuma gogewar inji ce, shi bai sani ba. Ni dai na kalli fuskarsa, ban ga komai ba sai ɓacin rai. Amma mai gaskiya da marar gaskiya duk haka za su yi.

Mgaya ya zaɓi wani, ya shinshina, ya cusa masa giris da yatsu har ya ɓullo ta ɗaya gefen. Ya mayar da cibiyar, ya ɗaure notin tam, ya ɗan sassauta, ya juya tayar yana kasa kunne. Bayan ya gama ya ɗora wancan mai warin kananzir a kan ƙarfe, ya sauke masa guduma har ƙwayoyin suka watse cikin ƙasa. Ya ɗauko nawa tsohon, shi ma ya farfasa. Ya ce daga yau ba ɗigo, guduma ce.

Abincin ya huce a kan taya, babu wanda ya taɓa.

Da na dawo daga Tunduma na tsaya gaishe shi. Tayar sanyi ƙalau. Na same su zaune a inda suka saba, Sanga yana ba da labarin tsadar kaya, Mgaya yana gyaɗa kai. Na yi murna, har sai da na lura kwano biyu ne a gabansu. Na tambayi Mgaya a gefe ko ya gano gaskiyar abin.

"Ɗana, da na gano ai da na huta."

Wani direba ya shigo da kwali daga shagon Sanga. Mgaya ya wanke hannu, ya karɓa, ya juya wa abokinsa baya, sannan ya kai shi hanci.