Wasiƙar Kawu Sule da Yatsan da ya Rage

Kano, Litinin

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Dakata, ni da Kawu Sule, ƙanen Innata. Ni sarin wandunan jins zai kai ni Guangzhou, zuwana na shida ke nan. Shi kuwa wasiƙa ya ɗauko. Tsohon ɗan ƙungiyar ƙwadago ne a masaƙar da aka rufe tun ina budurwa, har yau Kwamared ake ce masa. Abokan aikinsa na da ne suka rubuta wa ma'aikatan Iran cewa ba sa tare da masu yaƙi, kowa ya dangwala yatsa, suka sa shi ya rantse sai ya danƙa ta hannu da hannu. Iran ba ta shiguwa, sai ya liƙe mini.

"Kawu, Sin fa ba Iran ba ce."

"Ke 'yar jari-hujja, yi mini shiru. Ma'aikaci ko'ina akwai shi."

A Addis Ababa muka yi jiran awa biyar. Uku daga ciki ya ƙarar da su yana yi wa wani mai shara lacca da Hausa.

Sanyuanli, Talata da Laraba

Mun sauka Guangzhou da la'asar, muka kama masauki a unguwar Sanyuanli kusa da kasuwar Canaan, muka ci shinkafa da miya a wurin wata 'yar Maraɗi. Washegari na shiga zaɓen kaya, Kawu ya shiga farauta. Duk mai dogon hanci sai ya tare shi: "Iran?" Ya tare Baturke, ya tare 'yan Lebanon biyu. Masu shaguna har sun gane shi, tun daga nesa suke ɗaga hannu, "Meyo, meyo," wato babu.

Ina ta dariya, sai da na ga ya ture abincin rana. Ya ce, "Hadiza, Malam Audu daga gadon asibiti ya dangwala. In na koma da takardar nan me zan ce masa?" Wallahi sai ya ba ni tausayi. Ga shi Juma'a za mu tashi.

Xintang, Alhamis

Ƙarfe takwas da minti goma muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa Xintang, inda ake ɗinka jins, tafiyar awa ɗaya da rabi. Na tambayi laoban ɗina, mai shagon da nake sari, ko ya san wani ɗan Iran, sai ya nuna saman bene. Can muka tarar da wata dattijuwa 'yar Iran, Mahin, tana duba ɗinkin wanduna. Kawu ya gyara hula, ya ce in tambaye ta ta wayata mai fassara ina maigidanta.

Ta ce, "Ma'aikaci kake nema? Shekara ashirin ina kan keken ɗinki."

Aka fassara mata wasiƙar, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ƙanwarta na can gida tana ɗinki, kuma ba sa son bam daga waje, ba sa son sandar hukuma daga ciki a kan ɗankwali. Kawu sai gyaɗa kai yake kamar shi ya koya mata. Daga nan ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Wanne ne na mace?"

Babu ko ɗaya. Kwamared, mai laccar awa uku, ya hau gyara hula.

Na ce, "Kawu, Inna shekara goma sha biyu tana ninke atamfa a masaƙar nan. Katanga ce tsakaninku!"

Mahin ta turo masa takardar, ta ce rabin wasiƙa ce, ya cika ta tukuna. Na waiga, ga bokitin shuɗin rini a gefe. Na tsoma babban yatsana na dangwala a ƙasan na Malam Audu. Mahin ta yi dariya, ta ninke takardar, ta sa a ƙirjinta, ta ce za ta karanta wa ƙanwarta duk ranar da waya ta shiga.

Kano, Asabar

Ƙarfe ɗaya na rana muka iso gida lafiya. Na gode wa Allah, na gode wa laoban da Mahin. Ina cikin nuna wa Inna shuɗin da ya ƙi fita daga yatsana sai ga sallamar Kawu, riƙe da sabuwar takarda da tawada. Ya durƙusa a gaban yayarsa, ya buɗe mata takardar.

Inna ta dube shi, ta ce, "Sai yanzu, Sule?" Ta miƙa masa hannu.