Fuskar da ke kan katin Tayyiba

Duk unguwar Hashimi an san Tayyiba mai sabulu, amma kaɗan ne za su iya faɗa maka kamanninta. Ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara bakwai ke nan da risho ya fashe mata tana dafa abinci, ya cinye mata kuncin hagu har zuwa haɓa. Da ma tana sa niƙabi jefi-jefi don addini. Tun daga ranar kuwa, ko ni sai na yi sallama ta sake shi kafin in shiga ɗakinta.

Da sabulun soda take riƙe 'ya'yanta uku. Ni ce uwar ƙaƙale da na matsa mata ta fito zaɓe. Na ce, "Ke dalla, yatsa kawai za ki ɗora wa na'ura, wa zai ce ki buɗe fuska?" Kaicona! Na manta soda ta shafe mata zanen yatsu ƙaf.

Ma'aikaciyar zaɓen, wata 'yar bautar ƙasa, ta gwada babban yatsa, ta gwada manuni, ta goge da audiga ta sake. Shiru. Sai ta ce a hankali, "Hajiya, sai dai fuska."

Bayanmu maza ne cike da layi, rabinsu riƙe da waya suna ɗaukar komai. Wani ya ɗaga murya, "A buɗe mana, wa ya sani ko namiji ne!" Aka yi dariya.

"Yaya, mu tafi," Tayyiba ta raɗa mini. "Za su ɗauke ni hoto."

Sai ga Stella, maƙwabciyarmu mai sayar da gwanjo, ta fito daga layi. Ta kwance zanenta na sama, ta miƙo mini gefe ɗaya, muka kare ta. Ta juya ta daka wa mazan tsawa, wayoyi suka yi ƙasa.

Tayyiba ta fuskanci na'urar. Ta yi bismilla, ta ɗaga niƙabin. Yarinyar ba ta kau da kai ba, Allah ya yi mata albarka. Ta saita na'urar sau ɗaya, sau biyu, sau huɗu. Hoton da ke ciki na kafin gobara ne: Tayyiba da kumatunta, tana murmushi.

"Ki yi haƙuri, Hajiya," in ji yarinyar. "Ta ƙi ɗauka."

Tayyiba ba ta yi kuka ba. Ta sake niƙabinta, ta karɓi katinta na zaɓe, muka kamo hanya. Sai da muka zo ƙofar gida ta tsaya tana kallon hoton da ke kan katin.

"Yaya," ta ce, "kullum kina ce mini ban canja sosai ba."