Rediyon Yayana da Shanun Baffa

Ina tsugune ina auna wa wata mata dawa a kasuwar Rano, direban motar Kibiya ya tsaya a kaina. Ya ce, "Ɗaure buhun nan, Allah ya yi wa Yayanka rasuwa da hantsi." Na yi salati, na bar kayan a hannun maƙwabcin rumfata. Har muka isa Unguwar Gai direban bai ce Yayana mutumin kirki ne ba, alhali tare suka yi firamare.

A maƙabarta ma haka. An yi masa addu'a, an ce an yafe, amma shaidar da ake yi wa mamaci ta yi ƙaranci. Na riƙa bin fuskokin mutane ina lura da masu sunkuyar da kai.

Na san dalili. Yayana manomi ne, amma tun muna samari ba abin da yake so kamar kamo tashoshin nesa a matsakaicin zango. Ya ja doguwar waya daga ɗorawar bayan gida zuwa tagar ɗakinsa, ya ɗaura ta a eriyar rediyo. Sai ya kafa kunne yana murɗawa a hankali, in wata murya ta ɓullo cikin shuu ɗin nan ya rubuta lamba da lokaci a littafin makaranta. Shekara da shekaru ana tsokanarsa da mai hira da aljanu. Da ɓarayi suka kore shanun wani dattijon Bafulatani maƙwabcinsa a daminar bara, tsokanar ta tsaya. Aka koma cewa ɓarawo ba ya shiga gari sai da ɗan gari, kuma wa ke da waya a sama, ga kuma littafin lambobi? Ban taɓa tambayarsa ba. Na dai rage zuwa gidansa, shi ma bai ce mini komai ba.

Ranar sadakar uku, bayan azahar, dattijon Bafulatanin nan ya shigo zaure ya jingine sandarsa. Ya yi ta'aziyya, sannan ya ce, "Ɗana, ba rigima ta kawo ni ba. Mun daɗe muna gaisawa ta kan darni ni da shi. Kunna mini rediyon nan nasa in ji da kunnena."

Na ce, "To, Baffa."

Muka shiga ɗakin da mutum huɗu a bayanmu, waɗanda ba wanda ya gayyata. Na sa sabon batir, na buɗe littafin, na kai allurar kan lamba ta farko. Shuu. Ta biyu, shuu. Na bi shafi guda har ƙasa. Tashar Kano kaɗai ta fito tangaram.

Baffa ya ce, "Wannan ai ko a ruga muna kama ta, ba sai an ɗaura wa bishiya igiya ba."

Wani daga bakin ƙofa ya ce, "Ƙila aljanun ma suna zaman makoki." Aka yi 'yar dariya. Baffa bai yi ba. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Da yamma matar Yayana, tana cikin takaba, ta yi mini magana ta bayan labule. "Wai da rana ka kunna? Ai muryoyin ba sa zuwa sai rana ta faɗi. Shi ya sa kullum tuwonsa ke hucewa."

Bayan magariba na sake gwadawa ni kaɗai. A lamba ta farko wani mutum yana karanta labarai da Larabci, muryar na zuwa tana komawa. A ta biyu wata mata ce da yaren da ban sani ba, da kiɗa can ƙasa-ƙasa. Duk inda ya rubuta, akwai wani abu a wurin. Na zauna a kan buzunsa na daɗe ban motsa ba.

Ina juya shafuka ne na ga an yage ganye biyu, daidai watannin daminar bara. Na tambayi matar Yayana. Ta ce ƙila iri ya ƙunshe a ciki, ya saba yin haka. Ta amsa da sauri, ko kuwa kunnena ne ya ji haka, ban sani ba.

Rediyon da littafin suna nan a ɗakin, wayar ma ban kwance ba. Daga gidan ana hango rugar Baffa. Har yau ban je na kira shi ya zo ya saurara bayan magariba ba.